Kwamfutar Musaddiq da Rufin Ɗakina

Zinariya mai daddawa ce ta fara kawo mini labarin, tun kafin shi mai abin ya iso gida. Ta leƙo ta katanga, hannunta duk toka, ta ce, "Hajiya, jikanki ya sauka a bakin kasuwa da talabijin a ka. Wai daga yau babu ruwan da zai ƙara sauka a Aujara bai sani ba."

Na ce, "Wane jikan? Ina da su da yawa."

"Mai bakin."

Na ce, "To, Musaddiq ne."

Musaddiq ɗan babban ɗana ne, a hannuna ya tashi. Ina son yaron nan har cikin raina, amma tun yana rarrafe bakinsa ya riga ƙafarsa tafiya. In ya kama fara, kafin ya iso gida ta zama zabuwa. Ya yi shekaru a Dutse, a wani shago a Limawa inda ake buga wa mutane takardu. Da shagon ya rufe, mai shi ya sallame shi da tsohuwar kwamfutar tebur, shi kuwa ya kwaso ta da matarsa Mashkura suka dawo mana gida, daidai faɗuwar damina.

Abin ba talabijin ba ne. Kaya ne guda uku: allo, da wani akwati mai huci, da faranti mai maɓallai, sai ɗan wani abu mai jela da ake turawa a kan tebur. Ya kafa su a ɗakinsa, ya tayar da wani ɗan janareta mai tari irin na tsofaffi, ya kira ni.

"Kaka, zo ki ga sama."

"Sama a waje na bar ta."

"Wannan ta gobe ce da ta jibi."

Na duba. Ga rana rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, ga gajimare, ga wani gajimaren yana ɗigo, an jera su kowanne da ranarsa. Ya ce wata manhaja ce ya saka, ita take shiga intanet ta ɗebo labarin yanayi ta kawo masa har ɗaki. Sai dai gidanmu babu sabis, in ba a saman ɗakina ba, don shi ne a kan tudu. Saboda haka ya samo doguwar gora, ya ɗaure wani abu kamar kwalin ashana a kanta, modam yake kiran sa, ya kafe gorar a jikin rufina. Ya jawo waya ta ratsa tsakar gida har ɗakinsa. A ranar wayar ta kayar da Mashkura da tulu, ta kayar da ni da buta, zakara ma sai da ya yi tuntuɓe.

Da la'asar ya fita ƙofar gida ya samu dattawa a gindin darbejiya. Malam Arzika, maƙwabcinmu, abokin marigayi mai gidana, shi ne ya tare shi.

"Musaddiq, an ce ka zo da mai duba."

"Ba duba ba ne, Baba, ilimi ne. Gobe kafin azahar akwai ruwa."

"Ruwa dai na Allah ne."

"Na Allah ne, Baba. Ita dai tana hango shi tun yana hanya."

Washegari kuwa kafin azahar aka tsuge da ruwa. Da ma an ce mini in roƙi Allah kada Musaddiq ya yi daidai a karon farko, da na roƙa. Yaron nan ya fita cikin ruwan ba lema, yana bin gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. "Na faɗa ko ban faɗa ba?" Daga ranar ya daina amsa sunansa. Sai an ce Injiniya.

Mutane suka fara zuwa. Mai son zuba taki, mai son wanki, mai son zuwa kasuwar Kiyawa a babur. Shi kuma sai ya sa su cire takalmi, ya zauna ya gyara hula, ya tura ɗan abin nan mai jela, ya ƙura wa allo ido kamar likita yana duba mara lafiya, sannan ya yanke hukunci.

Ran kasuwa ya ce wa Zinariya kada ta fita, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta zauna a gida da daddawarta, rana ta ƙwalle tun safe har magariba. Ta shigo tana huci.

"Injiniya, ina ruwan?"

"An yi shi, Gwaggo."

"A ina?"

"A Kiyawa. Na buga waya, har kwata ta cika."

"Ni a Kiyawa nake kasa kaya?"

"Ai duk Jigawa ce. Ita kwamfuta ba ta da ƙabilanci."

Ba a jima ba ya ce mata ta shanya daddawa hankali kwance, ruwa kashi talatin ne kacal cikin ɗari. Ta baza tabarmi a tsakar gida ta tafi barka. Kafin ta dawo yayyafi ya bi ta kan shanyar. Ta ɗebo jiƙaƙƙiyar a faranti ta dire masa a kan teburin kwamfuta, wari ya cika ɗakin.

Ya toshe hanci ya ce, "Gwaggo, duka ta jiƙe?"

"Ta gefen rumbu ba ta jiƙe ba."

"To kin gani! Kashi talatin na ce. Ki auna wadda ta jiƙe, in ta wuce kashi talatin ki dawo."

Ta ce, "Zan auna ta a kanka."

Daga nan sunan ya fara lalacewa. Masu wucewa suka koma kiran sa Kashi Talatin. In ya doso gindin darbejiya, Malam Arzika sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Jama'a, ga Injiniya nan. Wanda ya bar shanya ya je ya kwashe, wanda ya kwashe ya je ya mayar."

Abin ya ci masa rai. Ya kwana biyu ba ya cin tuwo sosai, har na fara tausayinsa. Ashe shiri yake yi.

Wata safiya ya shigo ɗakina ya tsaya yana kallon sama. Rufin nan kwano ne, marigayi ya buga shi tun ana zuwa kallon kwano a unguwarmu. Ya tsufa, ya yi tsatsa, in ana ruwa sai na jera kwanuka da roba a ƙasa suna kiɗa. Amma rufi ne. Yana tare mini abin da ya fi yawa.

"Kaka, wannan rufin ya gama aiki. Zan sauya miki sabo."

"Allah ya yi maka albarka. Da rani."

"Yanzu."

"Kai, wa ka taɓa gani ya buɗe ɗaki da damina? Ko mahaukacin kasuwa sai ya jira kaka."

"Su ba su da kwamfuta. Zo ki gani."

Ya ja ni ɗakinsa. Ga rana rawaya a jere, daga wannan gefen allo har wancan, babu ko ɗigon gajimare. Ya ce ruwa zai ɗauke na mako guda cur, a ciki za a cire tsoho a buga sabo, garin nan kowa ya san waye Injiniya.

"Ina sabon kwanon?"

"Yana hanya daga Dutse. Wani abokina ne zai turo."

"To a bari ya iso."

"Kaka, so kike a ce tsoro na ji? Ke fa amaryata ce. Ango ba ya barin amarya a ɗaki mai yoyo."

Na ce, "Angon da ba shi da ko akuya." Amma na yi dariya, kuma dariyar nan ita ta cuce ni, don ya ɗauke ta a matsayin na yarda.

Kafin in idar da walaha, Habibullahi kafinta yana saman ɗakina da guduma. Na fito ina salati, kwano na sauka ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar ɗakina ya zama kamar buɗaɗɗiyar tukunya, sai katako a gicciye, ƙadangaru suna leƙo ni. Habibullahi ya karkaɗe hannu ya ce in sabo ya iso a kira shi, ya hau babur ya tafi wani aikin a Kiyawa.

Na ce a fitar da kayana, a kai zaure. Musaddiq ya dafe ƙirji.

"A fitar? Kaka, in mutane suka ga ana kwashe kaya, ai cewa za su yi ni ma ban yarda da kaina ba. Ko allura kada a taɓa."

Gadona, katifata, buhun gerona, akwatina na ƙarfe, duk suna nan a ƙarƙashin sararin Allah.

Malam Arzika ya leƙo ya ga tsohon kwano jingine da katanga.

"Injiniya, wannan fa? A ajiye kusa, ko da Allah zai kawo ruwa."

"Baba, wannan tarkacen? Ɗauke shi. Na ba ka kyauta. Ka rufa wa awakinka."

Tsohon nan da yake cewa gwiwa ta hana shi zuwa masallacin Juma'a a ƙasa, ban taɓa ganin saurinsa irin na ranar ba. Kafin in ɗauro mayafi in fito, ya kira 'ya'yansa sun kwashe. Kafin magariba garken awakinsa ya yi rufi.

Kwanan farko lafiya. Na biyu ma lafiya, na kwanta a gidan sauro ina kallon taurari kamar bazara. Kullum da safe Musaddiq sai ya kunna kwamfuta ya ƙwala kira, "Kaka, rana!" Kullum in tambaye shi kwano, ya ce yana hanya. Motar ta lalace. Direban ya tafi suna. Abokin ba ya ɗaukar waya, amma wannan alama ce yana tuƙi.

Sai zafi ya fara sauya kama, irin mai danƙo da ke sa riga ta manne a baya. Na ce, "Musaddiq, jikina ba ya son zafin nan."

"Jikinki ba ya shiga intanet, Kaka."

Maganar ɗakin da ba rufi ta zaga gari. Mata suna zuwa gaishe ni, idonsu a sama. Don ya rufe bakin kowa, sai ya aika wa mai unguwa da manoman layinmu cewa su zo ran Alhamis bayan la'asar, zai nuna musu yanayin sati mai zuwa da idonsu, su san ranar zuba taki. Kuma ba a ɗakinsa zai nuna ba.

"A ɗakin Kaka zan kafa ta. Inda babu rufi. In ina shakka, zan kai dukiyata can?"

Mashkura ta ce, "Injiniya, gabas fa ta yi duhu."

"Hayaƙin masu gasa masara ne."

Aka ture gadona gefe, aka kafa tebur a tsakiyar ɗaki. Ya saka babbar rigarsa ta sallah. Mai unguwa ya zauna a kujerata, dattawa a kan tabarma, sauran suka cika ƙofa da taga, mata a tsakar gida, Zinariya a gaba ta riƙe ƙugu. Janareta ya yi tari ya kama. Allo ya kawo. Rana rawaya a jere.

"Jama'a, ga ta nan. Yau rana, gobe rana, jibi rana."

Iska ta taso ta ɗauke hular wani. Aka yi wata ƙara daga gabas, doguwa, har ƙasa ta amsa.

Malam Arzika ya ce, "Injiniya, wannan fa?"

"Tirela ce a hanyar Jahun."

"Tirelar tana walƙiya?"

"Baba, sama tana iya yin abin da take so. Mu ga abin da ilimi ya ce."

Mai unguwa mutum ne mai haƙuri. Ya gyara zama ya ce, "To, Musaddiq, tambaye ta na sati mai zuwan, mu ji, mu tafi."

Ya tura abin nan mai jela, ya danna. Wani ɗan zobe ya fito a allo yana juyawa. Ya sake dannawa. Zoben yana ta juyi. Ya bubbuga akwatin, ya hura masa iska, ya ce wai kunyar mutane take ji. Can sai na ga ya ɗaga kai yana duba katakon rufi, wannan kusurwa, waccan kusurwa. Fuskarsa ta sauya.

"Mashkura! Ina gorar?"

"Wace gora?"

"Gorar da ke jikin rufi!"

"Na tokare igiyar shanya da ita. Tun ranar da aka cire kwano take yashe a ƙasa."

"Abin da ke ɗaure a kanta fa?"

"Kafinta ya kwance shi. Ya ce kada a taka, ya saka a tsohuwar randar Kaka ya rufe da faifai."

Kowa ya juya. Ga waya nan kuwa ta bi gefen bango ta shige randa. Ashe tun ranar da aka sauke rufina kwamfutar ba ta ƙara jin labarin duniya ba. Abin da ta ɗebo na ƙarshe shi take ta nuna masa kullum, shi kuma yana ƙwala mini kira, Kaka, rana.

Zinariya ta ce, "Wato tun ranar nan yanayin cikin randa kake karanta mana?"

Ya ruga wurin randar. Ya zaro modam ɗin, ya tattare babbar riga, ya taka akwatina ya haye katanga. Ya miƙe tsaye a kan bango, ya ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho, waya tana reto, iska tana kaɗa rigar.

"Ku duba allo! Ya kawo?"

"Zoben yana nan!"

Ya ƙara ɗagawa, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Sai ga shi rana ta ɓace, duk jerin ya koma baƙin gajimare, kowanne da ɗigo da ɗan zanen walƙiya. Ɗaki ya ɗauki ihu.

"Ta canza! Ta canza!"

"Me ta ce?" in ji shi daga sama.

Malam Arzika ya ce, "Ta ce abin da ke sauka a ƙeyarka."

Ɗigon farko manya ne, kamar ana jifa da goriba. Kafin a ce haka sama ta buɗe baki ɗaya. Mai unguwa ya kifa kujerata a ka ya nufi ƙofa, dattawa suka cushe a bayansa, kowa na son ya riga. Janareta ya yi atishawa ya mutu. Musaddiq ya diro daga katanga, ƙafa ta gurɗe, ya rarrafa ya rungume allon. Ya cire babbar riga ya rufa, ta jiƙe nan take. Ya waiga, ya fizge murfin akwatina, ya zaro wani farin yadi a naɗe, ya warware shi ya lulluɓe kwamfutar tun daga kai har ƙasa, ya ɗaɗɗaure.

Yadin nan likkafanina ne. Daga Makka na zo da shi, na wanke shi da zamzam, na ajiye don ranar tafiya.

Na ce, "Musaddiq! Ka san abin da ka ɗauka?"

"Zanin gado ne, Kaka, zan wanke!"

Mata suka gane, suka saka salati. Malam Arzika, da ya maƙale a bakin ƙofa ruwa na bin gemunsa, ya dubi abin nan fari a miƙe a kan tebur, ya dubi Musaddiq a durƙushe a gabansa, ya ce, "Allahu akbar. Yaushe ta cika? Jama'a, ku dawo a yi sahu."

Mutanen da suka gudu sai ga su sun dawo cikin ruwa don su yi dariya. Zinariya ta zauna daɓas a cikin taɓo tana riƙe ciki. Aka kinkimi kwamfutar a likkafanina, mutum huɗu, aka ratsa tsakar gida da ita, Musaddiq na bin su da ɗingishi yana cewa a yi a hankali. Ni kuwa babu wanda ya kinkimi komai nawa. Katifata ta sha har ta ƙoshi, gerona ya jiƙe, takalmana suna iyo a bakin ƙofa.

Da ruwan ya tsagaita ya zo ya tsaya a gabana, singileti manne a jiki.

"Kaka, kin dai gani da idonki. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba. Da aka ɗaga ta ai ruwa ta ce."

Na ce, "Ta ce, ɗan nan. Ni ma da na jiƙe na ce."

A ɗakin Zinariya na kwana, cikin warin daddawa, da aron zani.

Washegari da sassafe na dama koko, na kai masa da ƙosai mai zafi, don na san bai ci komai ba. Na zauna na shafa masa man zafi a idon sawu, na ɗaure da tsumma, yana ta sunkuyar da kai. Na wanke likkafanina na shanya. Sannan na miƙa masa guduma, na ɗauki 'yar kujerata, na ce ya biyo ni.

Muka shiga gidan Malam Arzika, na wuce kai tsaye garke. Awaki na kwance a bushe, ko ɗigo bai taɓa su ba, suna tuƙa hankali kwance. Na ture wata uwar garke, na dasa kujerata a tsakiyarsu na zauna.

Malam Arzika ya fito da buta a hannu. "Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Rufina na biyo. Ko ku mayar da shi inda gadona yake, ko ku kawo mini gadona nan."

Na kwance bakin zani, na ɓantari goro, na miƙe ƙafa.